Kasuwar cikin waya: a yi shirin ranar da hanya za ta toshe

Duk wanda ke cin kasuwar Ɗan Isa, ko ta Ƙonni, ko ta Magarya ya ga yadda ciniki ya sake kama a ƴan shekarun nan. Yaron da jiya yake ɗaukar mana dila, yau ga shi zaune a inuwa da salula a hannu, yana ɗaukar hoton shadda da takalma yana sakawa a WhatsApp, kafin la'asar ya sayar da turmi goma ga mutanen da bai taɓa gani ba a Yamai ko Agadas. Matanmu da ke cikin gida su ma ba a bar su a baya ba, suna sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin, ba rumfa ba haya. Mu ba mu ƙin wannan sana'a, don kuwa ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake shigarta ido rufe, sai ka ce hanya ba ta taɓa toshewa.

Alhali kuwa mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin cewa tana toshewa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya sake garƙame hanya har zuwa Maris na 2024. To, mu tambayi kanmu: wanda ya karɓi kuɗin mutane ashirin da alkawarin kawo musu kaya daga Kantin Kwari ranar Alhamis, aka wayi gari Laraba an datse Jibiya, me zai gaya musu? Mai rumfa aƙalla yana da hajar da ke gabansa, zai ci gaba da sayarwa har ta ƙare. Mai hoto kuwa ba shi da komai sai bashin jama'a a wuya.

A nan ne babbar matsalar take, kuma dole mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa daga cikin masu wannan harka suna sayar da abin da ba su mallaka ba. Mutum zai kwafo hoto daga shafin wani ɗan kasuwa a Kano, ya ɗora ribarsa, sai an biya shi sannan ya je neman kayan. In ya tarar sun ƙare, sai ya sayo mai kama da su ya aika, rigima ta tashi. Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan sayar da abin da ba ya hannunka, kuma inda shari'a ta yarda a biya kuɗi kafin kaya, ta gindaya a bayyana siffarsu da yawansu da ranar kawowa. Wannan ba zancen masallaci kaɗai ba ne, dabarar kasuwa ce. Ka gaya wa mai saye cewa kayan suna Kano, za su ɗauki kwana kaza, in kuma hanya ta ƙi, za ka mayar masa da kuɗinsa cif. Sannan ka ajiye kuɗin nan gefe, kada ka juya su a wani cinikin kafin ka sauke nauyi.

Sai maganar canji. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na euro a kan 655,957, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta yi ta gangara: dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1.500 a farkon 2024. Mai saro kaya da naira ya sayar da sefa ya ɗan sha daɗi kafin ƴan Kano su ƙara farashi. Amma wanda ya aika kilishi ko cuku zuwa Katsina, aka biya shi da naira, ya bar ta mako biyu a waya kafin ya je wurin ƴan canji, ya ga ribarsa ta narke kamar man shanu a rana. Hoton da ka saka da farashin makon jiya na iya zama tarkon da ka ɗana wa kanka. A rubuta a ƙasan kowane hoto cewa farashin na yau ne, kuma da wane kuɗi.

Ita kanta wayar da muka mai da rumfa ba tamu ba ce. A 2021 kaɗai mun ga abu uku: an yanke intanet ta salula a Nijar wajen kwana goma bayan zaɓen watan Fabrairu, an katse rezo a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina har da Jibiya a watan Satumba saboda matsalar tsaro, sannan ranar 4 ga Oktoba WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ba ma sai an je nan ba, ɓarawo ɗaya a tasha ya isa ya raba ka da lambobin abokan cinikinka da lissafin masu bashi gaba ɗaya. Iyayenmu da suka yi fatauci ba su raina littafi da alƙalami ba. A sayi littafi, a rubuta suna da lamba da abin da ake bin kowa.

Game da ƴan damfara ba sai mun tsawaita ba, kowa ya ji labarin saƙon bogi mai nuna kuɗi sun shigo alhali ko dala ba ta shigo ba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ka duba asusunka da idonka kafin ka miƙa kaya ga direba. Kuma duk wanda ya bugo ya ce ka karanto masa lambobin da aka turo maka a waya, shagonka yake son kwashewa.

Wani zai ce ai arziki na Allah ne, yawan lissafi ba ya hana asara. Haka ne, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai jarin jika ɗari biyu da ya zuba su duka a buhu ɗaya, cikin mota ɗaya, ba tare da takardar duwan ba, ya sani cewa shinge ɗaya ya isa ya mai da shi ɗan kallo. A raba kaya gida biyu, a biya abin da doka ta ce, a bar wani kaso na jari a ajiye ba a taɓa shi ko da ciniki na gudu. Wanda ba ya iya ajiya shi kaɗai ya shiga adashi da mutanen da ya sani.

Akwai kuma abin da ba mutum ɗaya zai yi ba. A da, baƙo ba ya ciniki sai ta hannun mai masauki ko dillali, wanda ke cin la'ada amma yana tsaya wa kowane ɓangare in an sami saɓani. Waya ta cire wannan mutum daga tsakani, ba ta kuma kawo madadinsa ba. Don haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, da takwarorinsu na Jibiya da Illela da Maigatari, su buɗe rajistar masu ciniki ta waya, kowa da wanda ya tsaya masa, su kuma ware amintattun direbobi a kowace tasha masu ba da takardar karɓar kaya. Mai saye a Tawa ya san inda zai kai ƙara in an cuce shi, mai sayarwa ma ya san wanda zai kama in buhunsa ya ɓata tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi.