Randa Da Tangaran: Kowa Da Ranarsa

A wannan mako ina so mu dubi wata sana'a wadda da yawa daga cikinmu, malamai da akawuna, muke yi wa kallon aikin ƙauye, watau ginin tukwane. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne tangaran ɗin nan mai ƙarfi kamar dutse, wanda akan gina da hannu a ƙaramar ma'aikata, a gasa shi da itace.

Ga asalinsa a ƙasarmu. A shekarar 1950 Gwamnati ta ɗauki wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew, gwanin ginin tukwane, domin ya duba sha'anin wannan sana'a a Nijeriya. Ya zaga ƙasa, sa'an nan a 1951 ya zaɓi Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, ya kafa makarantar koyon gini. Dalilinsa shi ne akwai yumɓu mai kyau, ga ruwa, ga itace, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A gidan Sarkin ne ya fara ganin randunan wata mace Bagwariya daga ƙauyen Kwali, ana ce mata Ladi. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko.

To, mene ne bambancin aikin nan da namu na gargajiya? Matanmu sukan tara tukwane a fili, su lulluɓe su da ciyawa da kirare, su cinna wuta, kafin a jima an gama. Shi kuwa tangaran, cikin tanderun bulo ake jera shi, a rufe ƙofa, a yi ta zuba itace dare da rana, har zafi ya kai wajen digiri 1,250 ko fiye. A wannan zafi yumɓun yakan haɗe, ƙofofinsa su toshe, ruwa ba ya ratsa shi. Ƙyallin da ke jikinsa kuma ba fenti ba ne. Garin dutse ne da toka da yumɓu ake damawa a shafa, wuta ta narkar da su su zama kamar gilashi. Harshen wuta da tokar da ke tashi su ma suna barin alamarsu, shi ya sa ba a samun kwano biyu iri ɗaya sak.

Ladi Kwali ta koyi juya yumɓu a kan keke, ta yi kwanoni da butoci, amma ba ta yar da abin da ta gada ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, tana zana musu kada da kunama da kifi da ƙadangare, sai a shafa musu ƙyalli a gasa a tanderu. An nuna aikinta a London a 1958, ta je Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: gwanintar Gwari da wutar Bature ne suka haɗu suka haifi wannan suna.

Amma ga abin lura, ya ku 'yan'uwa. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin tana tsatsafo, iska ta busar da gumin, zafi ya fita tare da shi. Randar da aka mayar tangaran ba ta tsatsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa, ga ta da nauyi, sai dai a ajiye ta don ado. Haka kuma tukunyar ƙasa tana jure harshen wuta a kan murhu, tangaran kuwa in an ɗora shi yana iya tsagewa. Shi kuma ya fi ta wajen cin abinci da shan shayi, gama ba ya shan mai, ba ya riƙe wari, yana wankuwa tas. Ashe ba wanda ya kori wani. Cardew da kansa ya yaba tukwanen matan ƙasar nan ƙwarai, bai nemi a daina su ba.

Abin tsoro shi ne roba da kwanon sha na kanti su raba mu da duka biyun. In maginiya ta tsufa ba ta sami magajiya ba, ilmin shekaru ɗaruruwa ya bi ta kabari, ba kuwa littafin da zai komo da shi hannun mutum. Saboda haka ina roƙon malaman makaranta su riƙa kai yara wurin magina su gani da idonsu. Masu albashi kuma, in kun ga kwanon hannu ya fi na kanti tsada, ku tuna da haƙar yumɓu da faskaren itace da kwanan zaune gaban wuta, kada ku taya shi tayin wulakanci. Masu tanderu su ma su dasa itatuwa a madadin waɗanda suke ƙonawa, don kada sana'ar ta cinye dajin da ke ciyar da ita.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu gane darajar abin da ke hannunmu tun bai kuɓuce ba, amin.