LAFIYA UWAR JIKI: Ƙwaya Biyun Da Ake Bari A Hannun Uwa

 

A wannan wata za mu yi magana ne a kan masassarar cizon sauro, wadda wasu ke ce wa palu. Mun san wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, wa bai san masassara ba a ƙasar nan? Gaskiya ne, kowa ya san ta. To amma ba dukan zancen za mu ɗauko ba. Wani ɗan ƙaramin abu ne muke so mu tsaya a kansa, wato ƙwayoyin magani guda biyu da ma'aikatan rigakafi ke bari a hannun uwa duk wata a lokacin damina, su ce ta ba yaro ɗaya gobe, ɗaya jibi. Mu da muke aiki a gidajen likita na karkara mun daɗe da lura cewa a nan ne ake yawan yin tuntuɓe.

Bari mu fara da girman abin. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2023 masassarar cizon sauro ta kashe mutane wajen 597,000 a duniya, kuma kusan dukansu a nahiyarmu ta Afirka, akasarinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ƙasashe huɗu ne suka kwashi fiye da rabin wannan rashi: Nijeriya, da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da Nijar tamu, da Tanzaniya. Ba sai an karanta wa ma'aikacin likita na Magarya ko Madarunfa ko Gaya wannan lissafi ba. Da marka ta kama a watan Agusta, har zuwa kaka, za ka tarar gado ɗaya yara biyu ko uku, uwaye kuwa a kan tabarmi a ƙarƙashin itatuwa. Kuma lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, ga yunwa ga ciwo, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Macen sauro ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga jinin mai ciwo ta zuba wa mai lafiya, galibi da dare. Ƙwayar sai ta fara sauka a hanta, ta hayayyafa a can shiru babu wata alama, bayan mako ɗaya zuwa biyu ta fito ta shiga jini tana farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Shi ya sa za ka ga tafin hannun yaro da cikin idonsa sun yi fari. Babban mutum da ya sha fama da ita shekara da shekaru jikinsa ya ɗan saba, ya kwanta kwana uku ya tashi. Ƙaramin yaro bai da wannan garkuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko ta ƙarar masa da jini.

Da yake a ƙasashenmu na Sahel cutar tana da lokacinta, wato watannin ruwa da ɗan abin da ya biyo baya, sai masana suka ce me zai hana a riga ta isa? A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu wata 3 zuwa wata 59 magani duk wata a tsawon damina, ko da lafiyarsu ƙalau. Nijar ta fara a 2013 a wasu gundumomi na jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa, daga baya abin ya yaɗu. Shi ne ma'aikata ke kira CPS a taƙaice da Faransanci. Binciken da aka yi kafin a ba da shawarar ya nuna cewa idan an sha maganin yadda ya kamata, yana kare yara daga wajen kashi 75 cikin 100 na kamuwa da masassara. A shekarar 2023 yara sama da miliyan 50 ne aka ba shi a Afirka.

Ga yadda tsarin yake. Magunguna iri biyu ne a cikin katin. Ran farko, mai rabo zai ba yaro ƙwaya biyu a gaban idonsa, ɗaya ta sulfadoxine-pyrimethamine, wadda dattawa suka sani da sunan Fansidar, ɗaya kuma ta amodiaquine. Sauran ƙwaya biyu na amodiaquine sai a bar wa uwa, ta ba da ɗaya rana ta biyu, ɗaya rana ta uku. Maganin yana wanke ƙwayoyin cutar da suka riga suka shiga jini, sannan ya zauna a jiki yana gadi har wajen mako huɗu. Don haka ne ake dawowa bayan kwana 28, yawanci zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba.

To, ran farko babu matsala, tunda ma'aikaci yana tsaye. Gobe da jibi fa? Nan ne muke so uwaye da ubanni su buɗe kunne.

A wata damina da ta wuce, an kawo mana wata yarinya ƴar shekara biyu a kan amalanke daga wani ƙauye mai nisa, jiki ya yi zafi rau, tana jijjiga, idanu sun kafe. Kakarta ce ta rako uwar. Da muka duba katin rigakafi sai muka ga an yi alama zagaye biyu. Muka ce, “Inna, an ba ta maganin nan duka kuwa?” Tsohuwar ta kwance bakin zanenta, sai ga ƙwayoyi huɗu a ƙulle. Ta ce, “Ɗana, ai lafiyarta lau lokacin. Na ce a adana, in ciwo ya zo mu sami abin ba ta, tunda likita da nisa.” Allah ya taimaka, bayan allurai da ƙarin jini yarinyar ta tashi. Amma ba duka ne ke tashi ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu ga laifin tsohuwa ba. Abin da ta yi, da ƙauna ta yi shi, kuma da irin hankalin wanda ya san zafin rashi. Mutumin da ya saba ajiye iri ba ya cinye shi ba za ka ce masa wawa ba. Sai dai wannan magani ba na ajiya ba ne. Shinge ne, kuma shingen da aka kafa kashi ɗaya cikin uku aka bar saura a buɗe, ai awaki ba za su sha wahalar shiga ba. Sa'an nan ƙwaya biyu ko huɗu da aka adana ba su isa su warkar da yaron da ya riga ya kamu ba, sai dai su sa a ɓata kwana biyu ana jiran sauƙi, ciwo yana ƙara nisa.

Akwai wasu dalilan da muke ji. Wata za ta ce ya yi amai ran farko, sai ta ji tsoro. Wata ta yi sammakon gona ta bar yaro a hannun ƴaruwarsa ƴar shekara takwas, aka manta. Wata kuwa ta dubi yayyensa da suka wuce shekara biyar ba a ba su ba, tausayi ya kama ta, ta raba musu. Wani gidan maigida ne ya yi tafiya bai bar izini ba. Kowanne cikin waɗannan yana da amsa.

Game da amai, gaskiya ne amodiaquine na da ɗaci, ko da yake na yanzu ana narka shi a ɗan ruwa kuma an ɗan zaƙaƙa shi. A ba yaro bayan ya ci wani abu, a zaune, a hankali, ban da ɗure da toshe hanci. In ya amayar da shi cikin minti 30, a nemi mai rabo ko wakilin lafiya na gari a karɓi wata ƙwayar a sake ba shi. Ɗan kasala ko ciwon ciki na kwana ɗaya yakan wuce. Amma in aka ga ƙuraje sun feso, ko fata tana saɓulewa, ko ido ya yi rawaya, a tsayar da maganin a garzaya likita. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya kamata a sani. Kuma a gaya wa mai rabo tun farko idan yaro yana da zazzaɓi a ranar, ko yana shan cotrimoxazole da aka fi sani da Bactrim, ko wani magani ya taɓa yi masa illa. Mai zazzaɓi gwaji ake fara yi masa, ba rigakafi ba.

Game da mantuwa, a ɗaura shan maganin da wani abin da ba a mantawa, kamar kunun safe kafin a fita gona. Game da rabawa kuwa, ƙwayar an auna ta ne daidai jikin mai ita, shi ya sa katin ƴan wata 3 zuwa 11 daban, na ƴan shekara 1 zuwa ƙasa da 5 daban. In an raba, babba bai samu ba, ƙarami ya rasa.

Akwai kuma wata hasara da ta wuce gida ɗaya. Manyanmu sun tuna zamanin Nivaquine, lokacin da ƙwaya kaɗan ke kwantar da masassara. Sannu a hankali cutar ta saba da ita har ta daina jin ta, dole a cikin shekarun 2000 ƙasashenmu suka koma wa wasu magunguna. Shan magani rabi-rabi yana cikin abubuwan da ke ba ƙwayar cuta damar sabawa da shi. In muka yi sakaci wannan ma ya mutu a hannunmu, jikokinmu ne za su biya.

Yanzu sai mu juyo kan iyayen gida maza. Mun lura duk lokacin da aka yi zancen lafiyar yara sai a ce sha'anin mata ne. To amma wa ke neman amalanke da tsakar dare? Wa ke sayar da tunkiya ko ya ci bashin jika goma saboda mota da abinci da maganin da aka ce a sayo a waje? Tun 2006 hukuma ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati, amma kowa ya san akan je a tarar wani maganin ya yanke, kuma babu mai biyan mutum kwanakin noman da ya rasa yana jinya. Maigida da zai tambaya da daddare, “An ba yaro maganinsa na yau?” ya tsare dukiyarsa da ɗansa gaba ɗaya. Wanda zai yi tafiya cin rani ko fatauci, ya bar izini kafin ya fita. Muna kuma roƙon limamai da masu gari su riƙa tunatarwa a masallaci da wurin suna a kwana ukun nan na kowane zagaye, domin maganarsu ta fi tamu shiga.

Mu ma ma'aikata muna da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Mai rabo da ke sauri ya cika lissafin gidajensa kafin la'asar yakan miƙa kati ya wuce, bai tsaya ya yi bayani ba, wani ma ko ƙwayar farko ba ya jira ya ga an sha. Uwar da ba a gaya mata dalili ba, don me za ta ba lafiyayyen yaro magani mai ɗaci? Minti biyu na bayani, da sa uwa ta maimaita da bakinta, sun fi gida goma da aka yi wa alama da alli a bango. Kuma tunda a wurare da yawa ana haɗa rabon da awon damtse don gano tamowa, a nuna wa uwa ma'anar kore da rawaya da ja, kada a auna a yi shiru.

Kada kuma a ɗauka wanda ya sha wannan magani ya gama. Gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa, a kwana cikinsa kullum, a ɗinke inda ya yage, ban da mayar da shi shingen lambu ko ragar kaji. A zubar da ruwan da ya kwanta a kwatami da fasassun tukwane da tsofaffin tayoyi, domin cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro ke zama sauro. Mai ciki ta je awo da wuri, daga wata na huɗu ana ba ta nata rigakafin, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ga kuma allurar rigakafin masassara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021 bayan gwaji a Gana da Kenya da Malawi, Nijar kuma ta ƙaddamar da ita a Gaya a watan Satumba na 2024. Sau huɗu ake yin ta, kuma ƙari ce a kan sauran, ba ta maye gurbinsu ba.

In duk da haka jikin yaro ya yi zafi, kada a kwana biyu ana sayen ƙwayoyi a tire. A kai shi a ɗiga jinin yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san ko ita ce. In kuwa ya ƙi nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko numfashi ya yi sama-sama, to ba a jiran gari ya waye. Jijjigar nan da ake cewa iska ce ko mayu, a damina sau da yawa masassara ce ta hau kai. A yi addu'a a kan hanya, amma a tafi.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kowa kuma ya haddace. Abin da ya rage shi ne aiki da shi. Idan masu rabo suka zo ƙofarku a wannan wata, ku karɓe su, ku yi tambaya har ku gane, sa'an nan gobe da jibi ku cika sauran. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya boko ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zancen zawo da ruwan gishiri da sukari. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.