Yaron da Ba Ya Waiwayowa In An Kira Shi

Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da irin yaron nan. Ya kai shekara uku bai buɗe baki ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da mutane. In aka buga ganga lokacin sujada sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Waɗansu su ce taurin kai ne, waɗansu su ce aljanu, waɗansu kuwa su koma gefe suna zargin mahaifiyarsa. Ashe mun manta da Yohanna sura 9, inda Ubangiji ya ƙi ɗora makantar mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa?

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, waɗansu kuma su ce galahanga. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a cikin yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa yaro 1 cikin 100 yana da shi. Daga yadda ƙwaƙwalwa take girma yake fitowa, gado kuma yana da hannu. Allurar rigakafi ba ta kawo shi. Rahoton 1998 da ya yaɗa wannan tsoro an janye shi a 2010.

Abin da yake damuna shi ne shekarun da muke ɓatawa. Ana iya gane alamun tun yaro yana wata 18 zuwa 24, lokacin da koyar da magana da cuɗanya ya fi kamawa. Mu kuwa sai mu yi ta yawo da shi daga wannan addu'ar kwana zuwa waccan, har ya kai shekara bakwai. Addu'a wajibi ce, amma azumin da ake tilasta wa ƙaramin yaro da duka da sunan fitar da aljani zalunci ne.

Malaman Makarantar Lahadi da Zumuntar Mata su ne suke ganin yaran nan kowane mako. In sun lura, su yi wa iyaye magana a asirce, cikin ladabi, a kai yaron wurin likitan yara. A fara auna jinsa, gama kurumta ma tana hana magana. Asibitocin koyarwa na Jos, Zariya da Kano suna da sashen yara. Dattawan ikilisiya su ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da na kati, a kuma keɓe wa uwar da ɗanta benci kusa da ƙofa, nesa da lasifika, don su fita su dawo ba mai harararsu.