A rage ƙara, gita ba za ta mutu ba

Daren jajibirin jarrabawar gwaji ta BEPC aka yi biki a unguwarmu a Dogon Dutsi, gita na tashi har ƙarfe biyu. Washegari ɗalibaina sai gyangyaɗi a kan takarda. Da na yi wa makaɗin magana, ya ce: "Mushe, in na rage, gitar ba ta daɗi."

Bai yi ƙarya ba. Amfilifaya mai ƙwai, irin na tsohuwar rediyo, sai an matsa masa wuta yake fitar da muryar nan mai kauri da samari ke so, su da ke sauraren Bombino da Mdou Moctar. Amma akwai ƴar na'ura da ake sawa tsakaninsa da lasifika. Tana shanye wani kaso na ƙarfin, ta mai da shi zafi, ƙara ta sauka, murya ta tsaya kusan yadda take.

Ba barci kaɗai ake asara ba. Kunne na jure desibel 85 awa takwas. A desibel 100 kuwa, minti 15 kawai. Su wa ke tsayawa gindin lasifika? Ƴaƴanmu.

Iyaye, mu ke biyan makaɗa. Tun wurin ciniki mu sa sharaɗin ƙara da lokacin tashi.