Ƙarancin Matuƙa Ko Ƙarancin Albashi?

Ƙananan kamfanonin jiragen sama na Amurka, masu kwaso mutanen ƙananan garuruwa zuwa manyan birane, sun daɗe suna kukan rashin matuƙa. Sukan ɗora laifin bisa dokar 2013, wadda ta ce akasari sai mutum ya cika awa 1,500 yana tuƙi kafin a ɗauke shi mataimakin matuƙi.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. An kafa dokar bayan jirgin Colgan ya faɗi kusa da Buffalo cikin 2009, mutum 50 suka rasu. Albashin mataimakiyar matuƙin jirgin nan bai kai dala 25,000 a shekara ba. Wane saurayi zai ci bashi mai nauyi ya koyi tuƙi, sa'an nan a sallame shi da wannan?

Cikin 2022, da manyan kamfanoni suka riƙa kwashe musu ma'aikata, sai Envoy da Piedmont suka mai da ladan sabon mataimaki dala 90 kowace awa. Ashe ana iya biya!

A ganinmu ƙarancin gaskiya ne, amma rowa ta haife shi. Matuƙi ba ya ƙwarewa dare ɗaya, araha kuwa ba ta ado.