Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yi Masa Yoyo

 Makon nan ina so mu yi hira a kan ciwon da ido ba ya gani, watau ciwon zuci, irin wanda mutum kan rasa barci, abinci ya fita ransa, duniya ta yi masa zafi, alhali kuwa jikinsa lafiya lau. Ga labarin yadda wani likita da waɗansu tsofaffin mata suka haɗa kai suka binciki maganinsa.

A ƙasar Zimbabuwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa ana ce da shi Dixon Chibanda. Cikin 2005 wata yarinya da ya ke dubawa ta kashe kanta. Da ya tambayi uwarta abin da ya hana su zuwa asibiti, sai ta ce ba su da kuɗin mota. Maganar nan ta tsaya masa a rai ƙwarai, gama a lokacin nan likitoci irinsa ba su kai 20 ba a ƙasar duka. Ya ga in dai sai talaka ya zo wurin likita, to, da yawa za su halaka ba su iso ba.

Kuɗi babu, ma'aikata babu. Abin da hukumar birnin Harare ta iya ba shi sai tsofaffin mata 14, waɗanda dā ma su ke zaga gidaje suna yi wa mutane gargaɗin kiwon lafiya. Cikin 2006 aka fara aiki a unguwar Mbare. Aka kafa benci a harabar ɗakin shan magani, tsohuwa ta zauna, mai damuwa ya zo ya zauna kusa da ita.

To, ga inda abin ya ke. Likita ya zo musu da sunayen cuta na littattafan Turai, tsofaffin nan suka nuna masa ba wanda zai gane su a unguwa. Su abin da mutanensu suka sani shi ne kufungisisa, watau yawan tunani da harshen Shona. Wani mai ilmin da sai ya ji haushi, ya ce me jahilai suka sani? Shi kuwa sai ya kasa kunne. Tare suka tsara hanyar da harshensu: da fari a buɗe wa mutum zuciya ya faɗi abin da ke cinsa, sa'an nan a ɗaga shi, daɗa a ƙarfafa shi. Tsohuwa ba ta ce masa yi kaza. Shi ne zai zaɓi damuwa guda, su nemi mafita tare. Wanda abinsa ya yi tsanani kuwa sai a miƙa shi gaba wurin ma'aikatan asibiti.

Ba su tsaya ga yabon kansu ba, sai suka auna. Tare da malaman jami'o'in Zimbabuwe da Ingila aka raba ɗakunan shan magani 24 na Harare kashi biyu, aka bi mutum 573. Rabi aka shirya musu zama shida a benci, rabi aka duba su yadda aka saba. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna a benci kamar 14 cikin 100 ne baƙin cikin bai sake su ba, amma a ɗaya ɓangaren kusan 50 cikin 100. An buga wannan cikin 2016 a jaridar likitocin Amurka. Daga baya aka ɗauki dabarar zuwa Malawi da Zanzibar, har birnin Niyok.

Ku duba, da likita ya tafi shi kaɗai da maganarsa ba ta shiga kunne ba, da tsofaffin kuma su kaɗai ne da ba wanda zai gaskata aikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ina roƙon malamai masu bincike, in kun shiga gari da takarda da alƙalami, kada ku mai da mutane abin ƙidaya kawai. Ku tambaye su sunan ciwonsu da bakinsu, ku yi shawara da su, in kun gama kuma ku komo ku gaya musu abin da kuka samu.

Ku kuma masu karatu, wace kalma a ke kiran irin ciwon nan da ita a garinku, wurin wa kuma a kan kai kuka? Ku rubuto wa Edita mu ji. Sai mako mai zuwa.