Man Agadem: a fara cika tulun gida

Ƴan kasuwa da mata masu sana'a, kun fi kowa sanin cewa duk ranar da mai ya yi wuya, kuɗin mota ne yake fara tashi, sa'an nan tiyar hatsi ta bi sahu. Shi ya sa maganar kamfanin CNPC na ƙasar Sin ta shafe ku, ko da ba ku taɓa taka Agadem ba.

Ba Shinuwa ne suka gano man nan ba. Kamfanonin Amurka da na Faransa, irin su Esso da Elf, sun yi shekaru suna haƙa a cikin rairayin jahar Diffa. Sun ga mai, amma suka lissafa nisan teku suka tattara kayansu. A 2008 ne gwamnatin Tanja Mamadu ta sa hannu da CNPC, da sharaɗin ya gina matata a gida. An buɗe SORAZ a arewacin Damagaram ranar 28 ga Nuwamba 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na CNPC, kashi 40 na Nijar. Wannan sharaɗi shi ne mafi kyawun abin da muka samu a cinikin, kuma muna yaba wa waɗanda suka kafe a kansa.

To amma daga baya ina ƙarfin ya tafi? Ya tafi wajen bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Benin, wanda aka tsara shi don ya fitar da ganga 90,000 a rana. Jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Ita kuwa matatar gida ba a faɗaɗa ta daidai da yawan motoci da kabu-kabun da suka ƙaru ba. Shekara da shekaru man ƴan ruwa-ruwa ne yake rufa mana asiri a Maraɗi da Ƙonni. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023, kowa ya koma gidan mai. A Yulin 2024 aka sauko da lita zuwa dala ɗari ba tamma guda, muka yi murna. A Maris na 2025 sai ga layi har ya fi ƙarfin ido, a ƙasar da take loda wa jirage mai. Mai tumatir da ta kwana a tasha ta san abin da araha ba kaya take nufi.

Akwai kuma bashi. A Afrilun 2024 CNPC ya ba gwamnati dalar Amurka miliyan 400, da ruwa kashi 7 cikin ɗari, a biya da mai. Kowace mai awo ta san manomin da ya ci bashin kaka: ba shi da bakin yin ciniki ranar da ya kawo buhu. Ba mu zargin kamfanin, kasuwa ta kawo shi, ba zumunci ba. Korar shugabanninsa uku da aka yi a Maris na 2025 a kan bambancin albashi ta nuna ana iya ɗaga masa murya, sai dai kora ba ta ƙara lita ko ɗaya.

Muna kira ga magabata da su buga yarjejeniyar da Hausa da Zabarmanci, a karanta ta a rediyo, a faɗi ganga nawa ta fita da nawa ta shiga baitulmali. Kuma duk wani sabon zama da CNPC, a fara da maganar faɗaɗa SORAZ kafin a zo ga maganar jirgi.